Ƙwai Bisa Diddige

A watan Nuwamba na 2017, gidan abincin da ya zo na ɗaya a birnin Landan bisa shafin TripAdvisor, cikin gidaje sama da 18,000, bai taɓa dafa wa baƙo ko ruwan shayi ba. Sunansa The Shed at Dulwich. Ƴar rumfar katako ce a bayan wani gida, inda wani saurayi ɗan jarida, Oobah Butler, yake kwana. Can baya ya taɓa yin sana'ar rubuta yabon ƙarya ga gidajen abincin da bai taɓa shiga ba, ana biyan shi fam 10 kowane yabo, saboda haka ya san inda katangar take da ɓaraka. Ya sayi ƴar salula mai arha, ya sa lambarta bisa shafin, ya ɓoye lambar gidan, ya ce sai da alƙawari ake zuwa. Abokansa suka yi ta zuba yabo. Duk wanda ya kira neman wuri sai a ce masa an cika har makonni masu zuwa, kuma da an hana mutum sai ya ƙara nacewa. A takardar abincin, kowane girki sunan halin zuciya aka sa masa: sha'awa, tausayi, natsuwa. Hotunan kuwa da kumfar aski da soso da ƙwayar wanke ban-ɗaki aka haɗa su. Wanda ya fi yin suna shi ne na soyayyen ƙwai ɗore bisa wani abu mai kama da yankan nama. Diddigen ƙafar Butler ne.

Da abin ya kai ƙarshe sai ya buɗe na dare ɗaya. Aka tarbi baƙi a bakin titi, aka ɗaure masu idanu, aka ja su cikin lambun, aka ɗumama masu abincin kanti na wajen fam ɗaya ɗaya. Wasu da za su tafi suka tambayi yaushe za a sake samun wuri.

A ganina ba a taɓa rubuta sharhin da ya kai wannan ba a kan yayin da nake son mu duba, ga shi kuwa ba da biro aka rubuta shi ba. Yayin shi ne na gidajen abinci na wucin gadi da liyafar ɓoye a biranen Turai da Amurka: wuri ya buɗe dare ɗaya ko mako uku, cikin gidan wani ko bisa rufin kanti, da wata dabara ta ban mamaki, sannan ya watse kamar kasuwar ƙauye. Bidiyoyinsu na shigo mana cikin salula, kuma a fada ba a rasa mai cewa in ya gama lisansi bai samu aiki ba, irin wannan zai buɗe a Yamai. To kafin a kwaikwaya, a duba. Ni teyatur na ɗauke su, da ma'aunin teyatur kuma zan auna su: wa ya rubuta wasan, wa ke bisa dandali, wa ake yi wa dariya, kuma kuɗin ƙofa aljihun wa suke shiga.

Kalmar “ɓoye” ita ce ta fara ba ni haushi. Akwai ɓoye na gaskiya. A Kuba, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, abinci ya yi wuya, iyalai suka fara dafa wa baƙi a falon gidansu a asirce, saboda doka ba ta yarda da sana'ar kai irin wannan ba. Ana ce da wuraren paladar. Ko da gwamnati ta halatta su a tsakiyar shekarun 1990, sai ta gindaya sharuɗɗa: kujeru kada su wuce 12, ma'aikata su zama ƴan gida. Mai kujera ta 13 yana ɓoye ta ne don kada a rufe masa hanyar cin abinci. Shi kuwa mai liyafar Landan da ke ɓoye lambar gida har sai ka biya, ba ya gudun kowa, jan rai yake yi don a ƙara so. An ari rigar mai tsoro an sa wa ɗan kasuwa.

Uwar wannan yayi ita ce Dîner en Blanc, liyafar fararen kaya. A 1988 wani Bafaranshe, François Pasquier, ya dawo Paris bayan shekaru a waje, ya gayyaci abokai cin abinci a dajin Boulogne, ya ce kowa ya sa farare don su gane juna. Dalili ne mai sauƙi, ba laifi. Daga nan abin ya yi ta girma. Ɗansa ya kai shi Montréal a 2009, ya shiga New York a 2011, Kigali a 2012, ya zama kamfani mai ba da izinin amfani da suna a birane da dama. A 2018, bikin cika shekara 30, wajen mutum 17,000 suka zauna a filin Invalides. Ƙa'idar ita ce ba a faɗin wurin sai a sa'ar ƙarshe. Kowa ya zo da teburinsa, da kujerunsa, da farin ƙyallen tebur, da abincinsa, a kaɗa adiko sama a fara ci, in an gama kowa ya kwashe shararsa. Shiga kuma sai wanda ya taɓa zuwa ya gabatar da kai, in ba haka ba ka bi layin jira.

Ban musa ba, hoton yana da kyau. Dubban mutane cikin farare da kyandir a tsakiyar birni, ko maƙiyi zai tsaya ya kalla. Amma ku lura da wanda ke kallon. Kowa ya fito da abincin gidansa a ci tare a waje, ai mun san wannan, ciyayya ce, wadda magidanta ke yi a ƙofar gida bayan magariba. Abin da ya sa ciyayya ta zama ciyayya shi ne wanda ya zo wucewa ana ce masa bisimilla, kuma wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar nan yana sa hannu ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. A liyafar farare mai wucewa ɗan kallo ne. An kama filin da yake na kowa, an zagaye shi da gayyata, an bar wa sauran jama'a ɗaukar hoto. Farin kayan ma magana yake yi. Wanda ya sa fari fat tun daga hula har takalmi ya je cin miya da dare, yana sanar da kai cewa ba shi ke wanki ba, kuma ba bisa kabu-kabu ya zo ba.

A Singapo, a 2012, asirin wasan ya fito fili. Wani marubucin abinci ya kawo shawarar irin cimar ƙasar masu launin fari da za a iya zuwa da su, kamar awarar waken suya mai laushi da shinkafa da kaza. Masu shiryawa suka nuna cewa irin wannan abincin titi bai dace da martabar taron ba. Gari ya ɗauki zafi, daga baya suka ba da haƙuri. Wato dai fari ba launi kaɗai ake nufi ba. Duk mai mafarkin kawo wannan bakin kogin Kwara ya fara tambayar kansa ko fura da nono za su samu wuri bisa teburin, ga su kuwa farare tas.

Wasu ba su cancanci dogon zance ba. A 2016 an buɗe The Bunyadi a Landan, inda ake cin abinci tsirara, ba kuran, ba salula, sai kyandir da shingen gora da kwanon yumɓu, wai komawa asali. Sama da mutum 40,000 suka rubuta suna a layin jira. Tsirara da rashin lantarki da kasko, su ne “asali” a kan mai shirya wasan, kuma kun san hoton wace nahiya ke cikin irin wannan kai. A 2017 kuma Noma, shahararren gidan abincin Danmak na René Redzepi, ya tare a Tulum ta Meziko na mako bakwai, kowane baƙo dala 600 ban da haraji. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Sama da jikka 300 ke nan cin dare ɗaya. Matan ƙauye ƴan ƙabilar Maya ne ke gasa wainar masarar a gaban baƙi. Hannunsu ya shiga hoton, sunan da ke bisa ƙofa na wani ne. Mai sharhin abinci na jaridar New York Times a lokacin, Pete Wells, ya ƙi zuwa, ya rubuta dalilinsa.

Wanda ya fi ba ni wahalar yanke hukunci shi ne wastED. A watan Maris na 2015 Dan Barber ya juya gidan abincinsa na Blue Hill a New York, na kusan mako uku, ya zama wurin da ba a dafa komai sai abin da aka saba zubarwa: ɓawon kayan lambu, kan kifi da ƙashinsa, guntayen taliya, tsohon burodi. Kowane faranti dala 15. Kyandir ɗin teburin da kitsen sa aka yi shi. Abin da ya fi tashe shi ne wani curi da aka yi da tuƙar da ke saura in an matse ruwan kayan lambu, aka gasa shi kamar nama aka sa cikin burodi. A 2017 ya maimaita bisa rufin kantin Selfridges a Landan. Matsalar da yake nunawa ta gaske ce. Rahoton FAO na 2011 ya ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na abincin da duniya ke samarwa lalacewa yake ko a zubar, kimanin tan biliyan 1.3 a shekara.

To amma ɗan Maraɗi da ya ji labarin curin tuƙa dariya zai yi, don ƙuli-ƙuli ke nan. An matse mai, an ɗauki tunkuza an soya. Haka ƙanzo, haka ƙasari, haka dusa. Iyayenmu mata ba su taɓa kiran wannan fasaha ba, kuma ba wanda ya taɓa biyan su jikka takwas a faranti don ya ji yana ceton duniya. Abin da Barber ya ƙara shi ne suna da labari. Na yarda labarin ya yi wani aiki, tunda ya sa masu kuɗin New York sun ci abin da jiya suke ƙyama, kuma manyan masu dafuwa sun zo sun koya. Sai dai ku duba inda wasan ya ajiye laifi. Ya ajiye shi a cikin faranti, inda mai ci zai iya wanke shi da cokali cikin dare ɗaya. Asarar da manomin albasa na Galmi ke yi ba a faranti take ba, a rumbun ajiya take, da bisa hanya, da ranar da kowa ya kawo kasuwa lokaci guda farashi ya faɗi. Wannan ba ta da kyandir, ba ta shiga hoto, ba kuwa liyafar da za ta taɓa ta.

Sai cin abinci cikin duhu. Na san barkwancin da ke bakin kowa, cewa mu kyauta ake yi mana duk daren da kuran ya ɗauke a tsakiyar tuwo. A ajiye shi, ya yi arha. Abin ya faro a Zurich a 1999 da gidan Blindekuh, wanda wani limamin coci makaho, Jürg Spielmann, ya kafa tare da abokansa. A 2004 Edouard de Broglie ya buɗe Dans le Noir? a Paris, a 2006 a Landan. Ana karɓe salula da agogo da duk abin da ke haske a kulle, baƙi su jeru kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, ma'aikaci makaho ya ja su cikin ɗaki mai duhu ƙirin. Wannan jerin shi ne mafi kyawun fage a duk wasannin da na ambata. Mun saba ganin yaro ɗan jagora yana jan makaho a kasuwa da ƙoƙo a hannu. A nan makaho ne jagora, mai ido ne ke laluben kujera yana roƙon a nuna masa inda kofinsa yake. Kuma makahon albashi yake ɗauka a ƙarshen wata. Wannan kaɗai ya isa in ɗaga masu hula.

Inda nake ja da baya shi ne baƙon da ke fitowa yana cewa yanzu ya san yadda makaho yake ji. Bai sani ba. Abin da ya ɗanɗana sa'a biyu shi ne ruɗewar mai ido da aka kashe wa fitila: ɓarin ruwa, tsoma yatsa a miya. Ma'aikacin da ya kawo masa faranti uku a hannu bai yi tuntuɓe ba, ƙwarewa ce ta shekaru. In baƙo ya fita da tausayi maimakon girmamawa, to ya kalli wasan a juye.

Yanzu ga wanda na fi so mu tsaya a kai. Tunde Wey ɗan Legas ne, ya tafi Amurka yana matashi, ya yi shekaru a can ba takardu. A farkon 2018 ya kafa ƴar rumfar abincin rana a wata kasuwa a New Orleans, yana sayar da abincin Najeriya. Ya sa mata suna Saartj, don tunawa da Saartjie Baartman, matar nan ƴar Afirka ta Kudu da aka kai Landan a 1810 ana nuna jikinta ana karɓar kuɗin kallo, ta rasu a Paris a 1815, aka ci gaba da nuna sassan jikinta a gidan tarihi, ba a maida ta gida aka binne ba sai 2002. Tun daga sunan ka san mutumin ya gane cewa abin da ake sayarwa a irin waɗannan wurare kallo ne.

Farashin faranti dala 12. Amma in mai saye Bature ne, sai Wey ya tsaya ya yi masa bayanin tazarar samu tsakanin gidajen farare da na baƙaƙe a birnin, wadda ta kai kusan ninki biyu da rabi, sannan ya ba shi zaɓi: ya biya 12 kamar kowa, ko ya biya 30. Rarar dala 18 ɗin za a tara a raba wa baƙaƙen fatan da suka sayi abinci, in suna so. Kusan takwas cikin goma na Turawan suka biya 30, mata sun fi maza. Mafi yawan baƙaƙen fatan kuwa suka ce ba su karɓa.

Farashi bisa fuska ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowa ya san kuɗin anasara a kasuwa daban yake, kuma mai babbar riga ba a yi masa tayin mai silifa. Amma a kasuwa ɓoyewa ake yi. Wey ya faɗa da baki, ya kawo lissafi, ya bar mutum da zuciyarsa a gaban layi. A nan kaɗai, cikin duk wasannin nan, mai kuɗin ƙofa ne ya tsinci kansa bisa dandali ana kallon shi. Shi ya sa nake ganin ya fi sauran nesa ba kusa ba.

Duk da haka ina da ja. Na farko, wanda aka tsare da ido a gaban mutane aka ce zaɓi, yawanci kunya ce ke biya, kuma kunyar ido ba ta kwana. Dala 18 kuɗin wanke kai ne mai rahusa. Mutum ya biya, ya ci, ya koma unguwarsu da sauƙin zuciya fiye da yadda ya zo. Na biyu, launin fata ma'auni ne na jimilla, ba ya faɗa maka abin da ke aljihun wanda ke tsaye gabanka. Wey ya kauce wa wannan da ya bar shi zaɓi, amma wanda zai kwaikwaya a nan ya ce farashi bisa ƙabila ko yanki, wuta zai kunna, don tarihin da ya ba wasan Wey ma'ana na New Orleans ne, tsohuwar kasuwar bayi. Abin da ya fi tsaya mini kuwa shi ne waɗanda suka ƙi karɓar rabon. Marubucin wasan ya tanadar masu matsayin mai karɓa, su kuma suka ƙi hawa. Da alama shi kansa ya ga dala 18 ta yi kaɗan, don a Nashville, cikin shekarar, ya sayar da soyayyar kaza kyauta ga baƙaƙen unguwa, Turawa kuma dala 100 yanka ɗaya, dala 1,000 yanka huɗu, kaza sukutum sai da takardar mallakar gida, don a taimaki waɗanda tsadar haya ke kora daga unguwarsu. Wannan ya daina zama ciniki, ya koma tambayar da aka san ba mai amsawa.

Akwai wata taga a Pittsburgh da ba ta ɓoye wurinta ba, ba ta da layin jira, kuɗinta kuɗin abincin titi. Conflict Kitchen, wadda Jon Rubin da Dawn Weleski suka buɗe a 2010, ba ta dafa komai sai abincin ƙasar da Amurka ke rikici da ita, kuma bayan ƴan watanni sai ta sake ƙasa, ta sake suna da fentin gaba. Ta fara da Iran, da niƙaƙƙen nama cikin burodi, sannan Afganistan, Benezuwela, Kuba, Koriya ta Arewa. Dabarar tana cikin takardar naɗe abincin. An buga mata hirarrakin da aka yi da mutanen ƙasar, na gida da na waje, a kan aure, da shayi, da gwamnati, da yadda suke ganin Amurka. Mu da muka saba karanta tsohuwar takardar jarrabawar wani a jikin ƙosai mun san ba a ƙin karanta abin da aka naɗo abinci da shi. (Wannan ɗan littafin namu ma, Allah kaɗai ya san tsiren da zai ƙare a ciki.) Har sun taɓa haɗa cin abinci ɗaya tsakanin Pittsburgh da Tehran ta bidiyo, teburi biyu, girki iri ɗaya.

A ƙarshen 2014 suka juya zuwa Falasɗinu. Wasu ƙungiyoyi suka ce takardun ɓangare ɗaya suke faɗi, aka matsa wa wata gidauniyar da ta taɓa ba su tallafi har ta nesanta kanta, sannan aka aiko da barazanar kisa. A watan Nuwamba suka rufe na ƴan kwanaki, jama'a suka zo suka lilliƙa takardun goyon baya a jikin rumfar, suka sake buɗewa. Zargin ɓangare ɗaya gaskiya ne, kuma da gangan ne: ɗaya ɓangaren yana da talabijin. Nawa ƙorafin daban yake. Masu tagar ne ke zaɓen muryar da za a buga da wadda za a bari, kuma ƙasa ba ta samun shiga sai ta yi faɗa da Amurka, wato ko a nan Ba'amurke mai ci shi ne tsakiyar duniya. Da alama sun ji wannan a jikinsu, don a 2016 suka bar ƙetare suka dafa abincin Haudenosaunee, ƙawancen al'ummu shida na ƴan asalin ƙasar, waɗanda rikicinsu da gwamnatin Amurka a kan ƙasa da yarjejeniya ya girmi duk sauran. A watan Mayu na 2017 aka rufe tagar.